DaVinci Resolve Studio wajen gano tabon tsohon fim: inda yake gani da inda yake makancewa

Ɗalibin digiri na biyu a Ngaundere ko Marwa, a Kamaru, da ke bincike kan lahanin tsofaffin finafinai zai amfana da wannan manhajar tace bidiyo ta kamfanin Blackmagic Design, muddin ya san iyakarta.

Sashen da ke wannan aiki sunansa Automatic Dirt Removal, kuma yana cikin Studio na dala 295 ne kawai, na kyauta ba shi da shi. Ƙura ko silin gashi kan faɗa wa firam (hoto guda a jerin hotunan fim) ɗaya tak. Sai manhajar ta duba firam na gaba da na baya, ta bi motsin hoton, duk ɗigon da babu shi a maƙwabta ta ce tabo ne, ta cike gurbin daga gare su. A kan irin wannan dabara masanin gyaran finafinai Anil Kokaram ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kambirij a 1993. Inda kyamara ke tsaye, aikin yana fita fes.

Da motsi ya yi sauri kuwa, sai rikici. A ɗauki misalin sukuwar dawaki a ƙofar fadar Lamiɗon Garwa da aka ɗauka da tsohuwar kyamarar fim ta Super 8, firam 18 a daƙiƙa. Kofato na yin nisa tsakanin firam biyu, ƙyallin tsinin mashi kuma sau ɗaya yake bayyana, sai ta share su a matsayin datti. A cikin saitunan sashen, a kunna Show Repair Mask a ga abin da za ta taɓa, a sa Motion Est. Type a kan Better, a rage Repair Strength. A kuma yanka fim ɗin fage-fage tukuna, domin firam na farkon fage ba shi da ɗan'uwa a bayansa.

Dogon kartan da tsakuwa ta yi cikin majigi ba ta ganinsa sam, tunda wuri ɗaya yake zama a ɗaruruwan firam. Haka fim ɗin da aka mayar firam 25 a daƙiƙa ta hanyar maimaita hotuna: tabon ya zo sau biyu, ya tsira. Shi ya sa a yi sikan firam-firam, a adana a tsarin fayil na DPX ko TIFF, ban da MP4. Da hunturu kuwa, a kakkaɓe ƙura daga zaren fim ɗin kafin sikan.

Babban cikas ga mai bincike: ba ta ba da lissafin tabon da ta kama da wanda ta tsallake. Sai ya yi wa tabon alama da hannu, sannan ya gwada sakamakonta da na tsarin gano tabo da shi kansa ya rubuta.