Seestar ko haɗa kaya da hannunka: amsa ga ƙanenmu na Jidda

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kana aiki a Jidda, ka tara 'yan riyaloli, kuma tun da ka ga hoton majarrar Andromeda, wani tarin taurari mai nisa, zuciyarka ta ƙi kwanciya. Kana so ka san wanne ya fi: ka sayi ƙaramar na'urar nan Seestar S50 mai yin komai da kanta, ko ka haɗa kaya ɗaya bayan ɗaya, madubin hangen nesa daban, ƙafa mai bin taurari daban, kyamara daban. Na kwana a daji da kowannensu, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Kafin maganar kaya, ka san abin da kake farauta. Majarra, kamar yadda Larabawa ke kiranta, tarin taurari ne biliyoyi, amma nisa ya mai da ita dishi-dishi. Hasken Andromeda ya yi kusan shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso idonka. Abdurrahman as-Sufi ya ambace ta a littafinsa na siffofin taurari a shekarar 964, ya kira ta ɗan gajimare, kuma wallahi haka take a ido har yau. Kyamara ce ke fito da hannayenta, wato layukan taurarin da suka naɗe ta, domin tana iya buɗe ido tana tara haske, abin da idon mutum ba ya iyawa. Matsalar ita ce duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa. In na'urarka ba ta bin sama daidai, taurari za su fito kamar an ja su da alli. Duk kuɗin da ake kashewa a wannan harka, yawancinsa kan wannan matsala yake tafiya.

Seestar ta warware maka ita a cikin akwati ɗaya da bai kai kilo 3 ba. Faɗin gilashinta milimita 50, tsawon zuƙowarta milimita 250. Ka kafa ta, ka haɗa da wayarka, ka taɓa sunan M31, wato lambar Andromeda, na'urar za ta nemo ta, ta daidaita gani, ta riƙa ɗaukar hoto na daƙiƙa 10 tana jibga wani kan wani kana kallo. Cikin rubu'in awa ka fara ganin abin da ka zo nema. Farashin da ta fito da shi a 2023 dala 499 ne, wato kusan riyal 1,870, ban da kuɗin kawowa da harajin kashi 15. Tana da abin ɗumama gilashi a jikinta, kuma wanda ya san raɓar Jidda ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kayan haɗawa kuwa, da wuya ka tsira da ƙasa da ninki biyu ko uku na wannan kuɗi, ko da ka sayi kyamara ta hannu. Kuma kuɗin ba shi ne babban farashin ba, lokacinka ne. Sai ka saita ƙafar ta dubi tauraruwar arewa, wadda a Jidda take digiri 21 da rabi kacal sama da ƙasa, can cikin hazo da ƙura. Sai ka daidaita nauyi, ka ja wayoyi, ka tanadi batir, ka koyi manhaja irin Siril don haɗa hotunan washegari. Na tuna wani dare bayan Ɗa'if, na yi awa biyu ina saiti, na kwanta a mota ina murna, da asuba na tarar na bar waya ɗaya ta maƙale a jikin ƙafar, hotunan dare duka sun lalace. Ya yi mini ciwo sosai, domin sai bayan wata guda na sake samun duhu irin wannan. Ina faɗa maka ne don ka san irin wannan daren zai zo maka in ka bi wannan hanya.

To me ya sa har yanzu nake ɗaukar wannan wahala? Saboda majarrori ƙanana ne. Andromeda ce kaɗai ke ruɗin mutane: faɗinta a sama ya kai digiri 3, kamar a jera cikakken wata shida, har ma ba ta shiga idon Seestar gaba ɗaya sai an ɗauke ta gunduwa-gunduwa an ɗinke. Sauran kuwa ba haka suke ba. M51, mai siffar guguwa, da ke nesa da mu sama da tafiyar haske ta shekara miliyan 20, ba za ta cika ɗigo 300 ba cikin 1,920 na tsawon hoton Seestar. Za ka gan ta, za ka gane hannayenta da ƙaramar abokiyarta, amma da ka buɗa hoton sai ya narke. Madubi mai faɗin milimita 150 yana tara haske ninki 9 na mai milimita 50, kuma da zuƙowar milimita 750 sai layukan ƙura na cikin majarra su fara magana. Ranar da na fara ganin baƙin zaren ƙurar da ya ratsa majarrar M104 a hoton da na ɗauka da hannuna, na daɗe zaune ina tasbihi.

Akwai kuma zafi, wanda 'yan Turai ba sa damuwa da shi kamar mu. Idon kyamara in ya ɗumama yana zubo dusa a hoto, wato ɗige-ɗigen da ke ɓata shi, kuma dusar nan kan ninka kusan duk ƙarin digiri 6. Kyamarar taurari mai sanyaya kanta tana iya sauka digiri 30 ƙasa da iskar waje. Seestar ba ta da wannan. A hunturu ba za ka ji bambancin sosai ba, amma a daren Yuli za ka gani da idonka. Sai dai shi ma babban madubi yana da nasa laifin a ƙasar nan: bakinsa a buɗe yake, ƙura na shiga, iska na kaɗa shi, kuma bayan gargadar hanyar sahara sai ka sake daidaita madubansa kafin ka fara.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kada wani ya ce maka matatar haske da ke cikin Seestar za ta cece ka a saman benen gidanku. Wannan matata an yi ta ne don gajimaren iskar gas irin na Orion, masu haske a launuka ƙalilan. Majarra hasken taurari ce, tana da kowane launi, daidai da fitilun titi, don haka in ka tace fitilun ka tace ta. Kayan riyal dubu goma a tsakiyar Jidda ba za su ba ka abin da ƙaramar na'ura za ta ba ka a wuri mai duhu ba. A 2024 aka amince da Manara da Garamil na yankin Al'ula a matsayin wuraren kare duhun sama, na farko a Saudiyya, amma ba sai ka je can ba. Duwatsun Ɗa'if sun ɗaga ka sama da laimar teku, kuma in ka nausa nesa da fitilun garin za ka sha mamaki. Ka tafi da abokin tafiya da isasshen ruwa, ka kuma kula da kunama.

Don haka, a matsayinka na mai farawa da ke da hutun kwana ɗaya ko biyu a mako, ni Seestar zan saya, ragowar kuɗin in zuba a mai da hanya. Kalandar Ummul Kura da ke wayarka ita ce jadawalinka: ka fita daga 27 ga wata zuwa 3 ga sabo, ka bar kwanakin farin wata, 13 zuwa 15, don azumi da hutawa. Kada ka yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Ka tsaya kan abu ɗaya, domin sai ka ninka lokaci sau huɗu tsabtar hoto ke ninkawa sau biyu. Ka kuma kunna ajiye kowane hoto daban, ka riƙa haɗa su da kanka a kwamfuta. Wannan ilimin zai bi ka ranar da ka koma manyan kaya, in har ka ga ƙananan majarrori sun hana ka barci.

Daga Oktoba zuwa Disamba Andromeda na hawa kusan digiri 70 a samanmu, ka fara da ita. Maris zuwa Mayu lokacin M81, M51 da M104 ne. A watannin nan kuma ka juya kudu ka nemi majarrar Centaurus A: daga Jidda tana tashi kusan digiri 25, alhali mutumin Ingila ba ya ganinta ko kaɗan. In ka same ta, ka turo mana mu gani.