Ejan ɗin da ya kai ƙanwata karatu Indiya, uku cikin biyar na ba su

Mutane sun dame ni da tambaya ta WhatsApp wai wane ofishi ne ya yi wa ƙanwata hanyar karatun harhaɗa magunguna a Indiya, kuma ko ina ba da shawara a bi ta hannunsu, toh bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani in huta. Sunan kamfanin dai ba zan kama ba, nan Kano suke, irin ofisoshin nan na saman bene da za ka ga an manna tutocin ƙasashe a gilashi, kuma gaskiya kusan duk aikinsu iri ɗaya ne, in ka ji na ɗaya ka ji na saura.

Abu na farko da ya kamata kowa ya gane shi ne su waye ke biyan ejan. Kana shiga za a nuna maka takardun yarjejeniya a jikin bango cikin firam, wannan da jami'a kaza a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, wancan da ta Punjab, wancan Rajasthan, duk masu zaman kansu. Ma'anar takardun nan ita ce duk ɗalibin da suka kai makarantar tana ba su kamisho, bayan kuma kuɗin aiki da suka karɓa a hannunka. Ni ban ga laifin wannan ba, kasuwanci ne kuma halal ne, amma dai ka sani wanda ke ba ka shawarar makaranta yana da rabo a cikin amsar da zai ba ka. Da na ambaci wata jami'ar da ba ta cikin nasu sai manajan ya yi murmushi ya ce "Yallaɓai ai duk makarantun Indiya ɗaya ne, tamu ma ta fi sauƙi." Ba ɗaya ba ne wallahi. Akwai hukumar NAAC da ke ba su maki, akwai UGC, hukumar kula da jami'o'in Indiya, da har jerin jami'o'in bogi take fitarwa, shi kuma kwas ɗin magunguna sai majalisar masu harhaɗa magunguna ta Indiya ta amince wa makarantar ta koyar da shi. Duk wannan da kaina na zauna na duba a waya, babu wanda ya nuna min a ofishin.

Wajen takardu kam sai dai in yaba musu, sun iya. Sakamakon NECO da fasfo kawai muka miƙa, ba a daɗe ba takardar admishan ta fito, su suka yi mata rajista a shafin Study in India na gwamnatin can, suka haɗa fayil ɗin biza tsaf yadda da muka je ofishin jakadancin Indiya a Abuja ba a dawo da mu kan ko takarda ɗaya ba, alhali a layin nan na ga wani bawan Allah da ya haɗa nasa da kansa an ce ya je ya sake. Su suka matsa mana a yi allurar shawara da wuri a karɓi yalo kad, don sai ta kwana 10 a jiki take aiki, kuma Indiya ba sa wasa da wannan, in ba ka da shi killace ka za su yi a can. Tikiti ma su suka yanka, jirgin Habasha daga Kano a tsaya Addis Ababa sannan Delhi.

Inda na ga amfanin haɗin gwiwar nan sosai shi ne saukarta. Yarinyar da ko Abuja sai da rakiya take zuwa, ta sauka cikin dare a filin jirgin da ba ta san kowa ba, sai ga direban makaranta riƙe da kwali an rubuta sunanta da alƙalamin maka, an ma ɓata rubutun sunan amma dai ta gane nata ne, tare da shi akwai wata ɗaliba Bahaushiya 'yar aji uku wadda ita ce wakiliyar ejan a can. Ita ta kai ta ɗaki, ta raka ta aka yi layin waya, ta nuna mata alƙibla, ta ba ta aron bokiti da bargo. Hajiyarmu ba ta runtsa ba sai da ta ji muryarta. Sannan ofishin ɗaliban waje na makarantar ya yi mata rajistar FRRO, wato rajistar baƙi 'yan ƙasar waje a Indiya, wadda doka ta ce duk mai bizar da ta wuce kwana 180 ya yi ta cikin kwana 14 da shiga ƙasar, in ka yi sakaci tara ce, kuma ita za ta zame maka matsala ranar da za ka fita. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗin aikin ejan bai tafi a banza ba.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. Sikolashif. A fosta an rubuta kashi 50 da manyan haruffa, a baki ma haka ake ta nanatawa har dangi suka fara yi mana barka wai ta ci sikolashif. Ragi ne kawai a kan kuɗin karatu, kuma kusan kowa aka kai sai an ba shi. Kuɗin hostel daban, na abinci daban, na jarrabawa kowace semesta daban, rajista, inshora, har rigar ɗakin gwaji, babu wanda ragin ya taɓa, kuma ba a jera mana su a takarda ɗaya ba sai da ta isa suka dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar kazar da ke fito da 'ya'yanta daga akurki. Ga shi da dala ake lissafin. Duk wanda yake biya wa wani karatu a waje ya san abin da ya faru tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wannan ba laifin ejan ba ne na sani, amma mutumin da sana'arsa ke nan ya kamata ya zaunar da iyaye ya ce ga jimillar shekara huɗu da dala, za ku iya ko ba za ku iya ba, ba wai a nuna musu na shekarar farko kawai a karɓi difozit ba.

Sai maganar dawowa gida, wadda ita ce ma dalilin karatun. Na tambaye su in ta gama ya za ta yi aiki a Najeriya, aka ce min "ai satifiket ɗin duniya ne." Gaskiyar ita ce duk wanda ya karanto magunguna a waje sai ya bi ta shirin horaswa na hukumar PCN, mai kula da masu harhaɗa magunguna a Najeriya, ya ci jarrabawarsu kafin a yi maganar lasisi, kamar yadda likitoci ke zana ta hukumarsu MDCN, ga kuma tantance takardu a ma'aikatar ilimi ta tarayya kafin bautar ƙasa. Ko dai ba su sani ba ko ba sa son faɗa, kuma duk biyun ba daɗi.

Abinci ma ba su yi mata bayani ba. Kicin ɗin hostel ɗinsu babu nama, kullum miyar wake irin tasu da gurasa da shinkafa, satin farko ta kira ni tana cewa "Yaya ni fa na gaji da ganye." Yanzu dai sun gano unguwar Musulmi inda suke sayo kaza, kuma duk mai tafiya sai mun haɗa shi da kuka da daddawa da yaji. Sanyin Disamba da Janairu na arewacin Indiya shi ma ba a faɗa mata ba, ita zafi kawai ta sani.

Bayan semesta ta farko kuma sai waya ta fara wahalar shiga. Da can kafin mu biya har gaisuwar Juma'a ake turo min, da aka samu kuskure a rasit ɗin kuɗin makaranta sai da na taka har ofishin kafin wani ya kula, su suna cewa makaranta ce, makaranta tana cewa a tambayi ejan. A ƙarshe ɗalibar nan wakiliyarsu ce ta bi ofis ofis aka gyara, ita da ko albashin kirki ban jin ana ba ta.

Don haka uku cikin biyar. In ɗanka ko ƙanwarka ba su taɓa fita ba kuma ba ku da kowa a can, ku bi ta hannun irinsu saboda biza da tarba da FRRO, amma makarantar ku bincika da kanku, ku sa a rubuta muku duk kuɗaɗen shekara huɗu a kan takarda mai tambarin makarantar, kuma kuɗin karatu a tura asusun makaranta kai tsaye a karɓi rasit da sunan ɗalibi. Mu tun shekara ta biyu haka muke yi, ejan bai ji daɗi ba amma bai hana ba.