Wata shida ina koyon aikin sauti a wani situdiyo a Dambatta, ga abin da na gani

Salam 'yan uwa. Tunda na fara tura karatun malamin garinmu da na gyara mutane suke ta tambayata wai a ina na koya, nawa ake biya, kuma abin yana da ci ko ɓata lokaci ne kawai, shi ne nace bari na zauna na rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Ba zan faɗi sunan wajen ba sabida akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan koka, kuma mai wajen, wanda muke kira Oga, ya ci girma a wajena, 'yan Dambatta dai sun san inda nake nufi.

Ni ɗan ƙauye ne ta ɓangaren Makoɗa, na gama sakandare ina zaune, aikina bin wani mai kayan sauti gidan biki ina ɗauko masa lasifika ina jan waya. Ranar da na faɗa wa Baba ina so na je koyo sai yayi shiru ya daɗe sannan yace "kiɗa zaka koya kenan?" Nace a'a Baba, aikin sauti ne, irin wanda yake sa in malam yana tafsiri na can bayan masallaci ma ya ji tas. Bai ce komai ba sai bayan kwana biyu Inna ta kira ni tace an yarda, kuma tunkiyarta aka kai kasuwa aka biya min wata ukun farko. Naira 15,000 ake biya a wata lokacin da na shiga, ka tambaya kafin ka je dan komai yana ta tashi.

Wajen shago biyu ne aka fasa tsakani, ɗaya na zama da kwamfuta ɗaya na ɗaukar murya. Ɗakin ɗaukar an lulluɓe bangon da barguna masu kauri da tsohuwar katifa a kusurwa, ƙasa kuma darduma biyu. Na tambayi Oga meyasa bai manna tiren ƙwai ba kamar yadda nake gani a wasu wurare, yace tiren ƙwai baya hana ƙarar waje shigowa ko kaɗan, kwalliya ce kawai, bargo mai nauyi ya fi shi shanye amsa-kuwwar ɗaki nesa ba kusa ba. Kayan aikin ba wasu masu yawa bane: kwamfutar tebur guda ɗaya, jan sawun kad ɗin nan (na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta) Focusrite Scarlett mai bakin makirfo biyu, makirfo kondensa ɗaya (irin ta situdiyo mai saurin jin sauti), makirfon hannu Shure SM58 guda biyu da suka sha duniya, fiyano Yamaha, sai ƙananan lasifika na sauraro guda biyu da miksa ta fita waje.

Abin da ya fara ɓata min rai shi ne daga baya na gane ya fi komai amfani. Sati uku cur ban taɓa kwamfuta ba. Naɗe waya, warware waya, gane wacce ce mai baki uku wacce ce ta jita, sai zama kana sauraro. Zai kunna maka abu na minti ɗaya ya kashe yace "me ka ji?" kace murya naji Oga, yace sake ji. Rannan ya kunna min wani karatu da aka ɗauka a masallaci har sau biyar, a na biyar ɗin ne na fara jin wani gurnani can ƙasa-ƙasa mmmm wanda baya tsayawa, nace Oga akwai wani abu kamar firji a ƙasan muryar. Wallahi sai da ya tashi tsaye ya bani hannu. Yace wannan gurnanin wutar lantarki ne, wutar ƙasar nan tana bugawa sau 50 a sakan, in waya ta lalace ko babu at (wayar da ake haɗawa da ƙasa) mai kyau sai ta shigo cikin sauti a daidai 50 ɗin, ya buɗe ikwalaiza, wato wajen rage ko ƙara wani sashe na sauti, ya nuna min tudun a allo ya yanke shi, muryar malamin ta fito kamar an share ƙura a madubi. Tun daga ranar kunnena bai koma yadda yake ba, ko rediyo Baba ya kunna da asuba sai na ji abin da da bana ji. Ya gaya mana kunnen ɗan adam yana jin sauti ne mai bugawa daga sau 20 zuwa wajen sau 20,000 a sakan, kuma na saman yana raguwa in mutum yana girma, ko in yana cika wa kansa ƙara, shi yasa in ya kama ka ka ƙure hedifon sai ya zare maka ya ajiye.

Sai maganar gen, wato yawan ƙarfin da kake bari ya shiga daga makirfo. Mu a gidan biki abin da muka sani shi ne a murɗa komai ya kai ƙarshe, in bai fasa kunne ba ai ba'a yi ba. Anan kuwa sawun kad ɗin yana da zobe a jikin mamurɗin, kore lafiya, in ya yi ja sauti ya fashe kuma abin da ya fashe wajen ɗauka babu manhajar da zata dawo maka da shi daidai. Dokarsa ita ce ka bar mitar da ke nuna ƙarfin sauti tana wasa wajen -12, kar ta kusanci 0. Haka makirfo kondensa sai ka danna mata maɓallin 48V take aiki, ita kuwa SM58 bata buƙata. Akwai kuma lambar ingancin ɗauka da ake saitawa a manhaja, in aikin bidiyo ne a ɗauka a 48,000, in na sauraro ne kawai 44,100 ya isa. Waɗannan duk yanzu ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa.

Amma inda mutumin nan ya burge ni da gaske shi ne ya san bakin Bahaushe. Duk bidiyon koyarwa da zaka gani a YouTube da muryar Bature ake gwadawa, babu wanda zai gaya maka yadda ƙ da ts ɗinmu suke yi wa makirfo. Ka ce "ƙoƙo" ko "tsintsiya" kusa da kondensa ka kalli allo, zaka ga wasu ƙayoyi sun miƙe tsaye, ƙas ƙas, sannan ga fa ɗinmu da take fita da iska ta leɓe tana bugun makirfon fuf. Shi sai ya sa mai magana ya ja baya kamar taƙi ɗaya, ya ɗan karkatar da makirfon gefen baki, ya sa rariyar da ya haɗa da zoben waya da safar mata a tsakani, shikenan. Akwai wani dattijo mai kalangu da aka kawo daga wani ƙauye za'a ɗauki kiɗansa, ɗaya daga cikinmu ya manna makirfo jikin fatar, Oga yace cire. Yace kalangu magana yake yi, in ya matse tsarkiya a hammata murya ta hau in ya saki ta sauka, in ka manne masa bugun gula kawai zaka ɗauka ka bar maganar. Ya ja makirfon baya kamar kamu biyu ya saita ta tsakanin fatar da jikin gangar. Da aka kunna wa tsohon ya saurara ya rufe ido, ya gama yace "ɗana Allah yayi maka albarka, yau na ji hannuna." Ban manta wannan ba.

Wani ɓangaren da ban ma san sana'a bace sai da na je shi ne haɗa sautin fim da wasan kwaikwayon rediyo. Ashe yawancin takun ƙafa da buɗe ƙyaure da marin da kake ji a fim ba a wajen ɗauka aka same su ba, daga baya ake zama a ƙirƙira a ɗora. Mun zuba yashi a faranti mun taka da silifa, mun karya karan dawa dan ƙarar karaya, mun murza leda a hankali ta bada ƙarar wuta tana ci. Ranar Lahadi da kasuwar Dambatta take ci ya tura mu biyu-biyu da waya da ƙaramar makirfo muka ɗauko hayaniyar kara, kukan shanu, dillalai suna ciniki, mai fura tana kira, wata rana kuma da magariba muka je bakin dam ɗin Tomas muka ɗauko kwaɗi da tsuntsaye. Duk yana ajiye su a fayil da suna da kwanan wata. Yace masu shirya fim a Kano da yawa daga intanet suke sauke sautin kasuwa, sai ka ga fim ɗin ƙauyen Hausa amma hayaniyar bayan ta wata ƙasa ce, wanda yake da namu na gida a hannu yana da abin sayarwa.

Aikin fili ma mun fita, Maulidi biyu da wa'azi da saukar karatu. Anan na gane meyasa lasifika take wannan kukan mai tsinka kunne, makirfo ce take jin abin da lasifika ta fitar ta mayar mata suyi ta zagaye, maganin farko kawai ka sa lasifika a gaban mai magana tana kallon jama'a, kar ta zama a bayansa. Kuma in fili yana da tsawo ka sa wata lasifikar a nesa sai ka jinkirta ta kaɗan, sabida sauti yana tafiyar mita 343 ne a sakan, ta mita 30 tana buƙatar jinkirin kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan in ba haka ba na baya zasu ji malam sau biyu.

Toh yanzu ga inda zan koka, kuma ina fata in ya gani ya karɓa da kyakkyawar zuciya.

Mu tara ne kwamfuta ɗaya. Ka baro ƙauye da sassafe ka biya kuɗin mashin ka zo, wataƙila minti arba'in ne rabonka a kan kujera, sauran duk tsayuwa ce a bayan wani kana leƙe, in kuma kwastoma ya shigo an tashe ka kenan dan shi ne mai kawo kuɗi. Wuta kuma ba'a magana, sola ɗin da ke wajen ƙarama ce batirin ya gaji, da la'asar ta yi sai inbata ta fara ƙara, in aka tada janareta kuma babu ɗaukar murya dan ƙararsa tana ratsa bargunan nan har cikin makirfo. Akwai satin da kwana biyu kawai muka yi aiki amma kuɗin wata bai ragu ba, wannan ya tsaya min a rai sabida na san daga inda kuɗin ya fito. Sannan in aka samu aikin waƙar 'yan siyasa Oga ɓacewa yake yi kwana uku huɗu ya bar mu da babban yaronsa, shi kuma yaron hannunsa yana da sauri amma baya iya bayani, tambaya biyu zaka yi ya fara ɗaure fuska.

Manhajar da ake koyarwa da ita FL Studio ce, kuma ba ta saye bace, irin wacce ake turawa a filashi. Sau biyu tana rufewa da aikin mutane a ciki. Ni da zai ji shawarata ya fara koya wa sababbi Audacity tunda kyauta ce halak malak kuma ko tsohuwar laftof tana ɗauka, gyaran wa'azi da talla duk tana yi, yawancin aikin da ke kawo min kuɗi yanzu da ita nake yi. Wani abu kuma, duk da shi da bakinsa yake cewa eko da Auto-Tune, mai daidaita muryar mawaƙi, kamar gishiri ne, in mawaƙi ya matsa masa sai ya zuba har muryar ta koma ta ƙarfe, mu kuma muna kallo muna ɗauka. Na taɓa yi masa magana yace "kai yaro, mai kuɗi ake yi wa yadda yake so." Na gane uzurinsa amma ban gamsu ba.

Mata babu ko ɗaya a cikinmu. Akwai wata yarinya da take karanta littattafan Hausa tana turawa, muryarta tubarkalla, ta zo da yayanta tana so ta koyi gyara da kanta, aka rasa lokacin da za'a ware mata dan shagon kullum cike yake da samari, haka ta haƙura. Da an ware ko safiyar Asabar ce da ba ita kaɗai zata zo ba.

Kuma ka sani babu takardar shaida da wata ma'aikata zata karɓa. In burinka gidan rediyo irin su Freedom ko Rediyon Jigawa ko tashar Arewa24 da albashi, ka haɗa da karatu, akwai tsangayar sadarwa a Jami'ar Bayero, akwai makarantar koyon fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA duk a Jos. Ni ma ina da niyyar sake zana JAMB. Amma hannu da kunne anan na samu, kuma biyu daga cikin waɗanda suka riga mu yanzu suna situdiyo a Zoo Road.

Ni dai yanzu ina gyara karatun malamai biyu duk sati, na yi wa mai maganin gargajiya da mai shagon taki tallan da ake sakawa a lasifikar mota ranar kasuwa, kuma masallacin Juma'armu ni nake saita musu kaya, Baba yana sahun gaba yana ji. Wanda zai je ya tafi da hedifon nasa da filashi, kuma ya yi magana tun farko a kan kwanakin da ba wuta ko za'a rama masa. Mastarin ne, wato gyaran ƙarshe kafin a fitar da sauti, har yanzu ba'a koya mana sosai ba, Oga yace in an gama girbi na dawo sati biyu ba sai na biya ba, in riɗin bana ya yi kyau kuma zan shiga Kano na duba sawun kad ko na hannu ne.