Wata Shida Ina Buga Darar Turawa a Lichess

Na taso ina kallon dattawan unguwarmu ta Bagalam suna buga dara a ƙasa bayan la'asar, gurbi talatin, kowane mutum da ƴaƴa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Darar Turawa kuwa, wadda muke kira eshek a nan Maradi, sai da na girma na koye ta, kuma da yake masu buga ta ba su da yawa a garin, wani abokin aikina ya nuna mini Lichess, wani dandalin buga ta a intanet, a salularsa. Yau wata shida ke nan ina amfani da shi kusan kowane dare.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne ba a biyan ko dala, kuma babu tallan da zai faɗo wa mutum a tsakiyar tunani. Wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ne ya kafa shi a 2010, kuma da gudummawar masu wasa ake tafiyar da shi. Ana iya mai da shi zuwa Faransanci, kuma ba ya cin forfe sosai, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafin kowace jaka.

Da kwamfuta na fara karawa, saboda kunyar kada wani ya ga jahilcina. Injin da ke ciki sunansa Stockfish, yana da matakai takwas. A matakan farko na yi ta cin nasara har na fara ganin kaina gwani, sai daga baya na lura cewa da gangan aka rage masa ƙarfi: zai yi tafiya goma masu kyau, sannan ya ajiye dokinsa inda sojana zai cinye shi ba tare da wani dalili ba. Mutum ba haka yake kuskure ba. Kuskuren mutum yana da asali, ko kwaɗayi, ko tsoro, ko gaggawa, kuma wanda ya gane asalin zai iya ɗana masa tarko. Da na hau mataki na shida kuma sai dara ta ci gida, ban ƙara ganin haske ba, ban kuma yi mamaki ba, tunda tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov, balle ni da na koyi tafiyar doki da furfura a gemu.

Karawa da mutane ita ce ta riƙe ni. Sabon shiga yana farawa da maki 1500, makin yana hawa yana sauka har ya daidaita, daga nan ake haɗa shi da tsaransa, ko daga Indiya suke ko daga Masar ko Barazil. Ba na ganin fuskar kowa, amma agogo yana tona asirin mutum. Idan na kai hari abokin wasa ya yi shiru minti biyu, na san hankalinsa ya tashi, kamar yadda kawuna yake shafa gemu idan an matse shi a dara. Akwai wanda na cinye wa sarauniya, na saki jiki, ya lallaɓa da hasumiya guda ya kashe mini sarki a layin baya, sannan ya rubuto mini godiya. Na kwana da takaicin abin, wanda ban taɓa ji ba a duk kayen da kwamfuta ta yi mini.

Inda injin ya yi mini rana shi ne bayan an tashi wasa. Yana bin tafiyar ɗaya bayan ɗaya, ya ware ƙaramin kuskure da babba, ya nuna abin da ya kamata a buga. Ta haka na gano cewa yawancin wasannina tun kafin tafiya ta goma sha biyar nake zubar da su, saboda ɗokin fito da sarauniya da wuri.

Matsalata ta gida ce. Idan aka ɗauke kuran ko rezo ya yanke, agogo ba ya jira, kuma bayan ɗan lokaci abokin wasa yana da damar karɓar nasara. A watan Afrilu na yi asarar wasa uku a jere ta wannan hanya, ɗaya ma saura tafiya biyu in gama shi. Tun daga nan na bar wasannin minti uku, na koma na minti 15 mai ƙarin daƙiƙa 10 a kowace tafiya, da kuma wanda ake ba mutum kwana guda ko fiye kafin ya amsa. Irin wannan na ƙarshe nake bugawa yanzu da wani mutumin Turkiyya, mun shiga mako na uku, kuma tun jiya da magariba nake jiran in ga inda zai kai dokinsa.