Karatun Tsanaki ko Addu'ar Shiru: Da Wanne Za Ki Fara?

Salama, 'yar'uwa. Kin tambaye ni wace hanyar addu'a za ki fara da ita, karatun tsanaki ko addu'ar shiru. Cikin biyun, ki ɗauki karatun tsanaki, wanda Katolika ke kira Lekshiyo Dibina.

Ni duk kayan aikina shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa mai baƙin bango, wanda Inna ta kawo mini daga Malumfashi shekarar da aka kawo ni aure Katsina. Ladanin unguwarmu na yin kiran assalatu, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ɗauki aya ɗaya tak. Wani ɗan zuhudu, Gigo na Biyu, ya tsara wannan hanya hawa huɗu tun ƙarni na 12, ya kuma kwatanta ta da cin abinci: karatu shi ne kai loma baki, tunani shi ne tauna, addu'a ta fito da ɗanɗano, zama shiru gaban Ubangiji kuwa shi ne zaƙin kansa.

Na yi mako guda ina tauna Yohanna 17:21, inda Yesu ya roƙa dukansu su zama ɗaya. A lokacin akwai wata a zumuntar mata da muka yi wata huɗu ko gaisuwa babu. Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Kawai dai wata asuba na kasa yi wa kaina addu'a in bar ta a waje, sai hawaye. Ran Lahadi kusa da ita na zauna.

Addu'ar shiru, wadda wasu 'yan zuhudu suka tsara a Amurka a shekarun 1970, kalma ɗaya ake riƙewa, minti 20 sau biyu a rana. Ba laifi, amma mai farawa ba jagora, hankalinta kasuwa yake tafiya. Memorin kiɗan da na saya dominta har yau ina da-na-sanin kuɗina.

Kuma don Allah ki kiyayi masu tallar man shafewa da "ruwan Kogin Urdun" a WhatsApp, wai kwana bakwai ki ga wahayi. Duba abin da Bitrus ya faɗa wa Siman mai sihiri, wanda ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi, a Ayyukan Manzanni 8:20. In za ki sayi Littafi, buɗe shi a gaban mai shago, akwai bugun jabu da shafuka ke ɓacewa a tsakiya.

Gobe da asuba ki fara da Yohanna 15, minti goma ya isa.