Ajans ɗin da ta shirya mana tahiyar tsibirin Gore

To jama'a masu tambayata a WhatsApp labarin tahiyarmu ta tsibirin Gore da ke kusa da Dakar a Senegal, ga yadda ta kasance. Wata ajans ce nan cikin Maradi, ba zan hwaɗi sunanta ba, ita ta haɗa mana kwana 3 a tsibirin Gore ni da maiɗakina, tun daga kar ɗin Yamai har jirgin Dakar.

Gaskiya wajen tikiti da masauki ba ni da ta cewa. Ɗaki tsaf, a wani tsohon gida mai jan fenti, tagar na kallon teku. Kuɗi ma ba wahalar canji tunda sefa ɗaya muke ci da Senegal, jikarka ta Maradi jika ce a can. Kuma yaron ajans ɗin ya ce mu riƙe katin dantite a hannu wajen sayen tikitin shalup, wato jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirin, don ɗan Afirka ba kuɗin Bature yake biya ba, wannan kam ya taimaka.

Amma kwana 3 a Gore? Haba Alhaji! Tsibirin tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, ba mota ko ɗaya, ƙafa ce kawai cikin lunguna, daga tashar Dakar minti 20 ne ka sauka, kafin la'asar ta ranar farko mun hau tudun Kastel mun ga manyan bindigogin Faransawa mun sauko mun yi sallah a tsohon masallacin dutse na bakin ruwa, har masu saida zane da sarƙa sun fara kirana da suna. Rana ta uku zaman kashe wando muka yi, sai cep, wato dafa-dukan shinkafar Senegal, da kihi da shayi.

Abin da ya fi ɓata mini rai, sun sa mana ziyarar Gidan Bayi ranar Litinin, ranar da ake rufe shi. Mai shirya tahiya bai san wannan ba? Sai Talata muka shiga. Ɗakunan ƙasa ƙanana ne, duhu, da ƙofar nan mai kallon teku da ake cewa wanda ya hita ta nan ba ya dawowa. Hajiya ta tsaya bakinta ta yi shiru, ni ma ban iya ɗaukar hoto ba. Tun 1978 UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya. Mai zagayawa da mu da ya ji daga Nijar muke sai ya kai mu tsohuwar lakkol William Ponty inda Boubou Hama ya yi karatu, wannan ko a takardar ajans ɗin babu shi.

In za ku je ku ce su yi muku kwana ɗaya a Gore, saboda daren yana da daɗi in shalup ta kwashe 'yan yawon buɗe ido, sauran kwana biyun a Dakar. Na gaya ma mai ajans ɗin haka da na dawo, dariya ya yi ya ce wai ai hutu muka ce muna so.