Katin gwajin rukunin jini na gida, na gwada shi

Wallahi tun zamanin korona nake son sanin rukunin jinina, don a 2020 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani bincike kan marasa lafiya a Italiya da Sifaniya, wai masu rukunin A sun fi shiga matsalar numfashi mai tsanani, masu O kuma da ɗan sauƙi. Sai kwanan nan na sayi katin nan na gwaji a gida.

Da'ira huɗu ne a jikinsa, anti-A, anti-B, anti-D, wato sinadaran da ke sa jini ya yi gudaji in yana ɗauke da alamar A, B ko D, da ɗaya na tabbatar da cewa gwajin ya yi daidai. Ka ɗiga ruwa, ka soki yatsa, ka shafa jini a kowacce da tsinkenta daban, ka riƙa karkata katin a hankali. Nawa kam anti-D kaɗai ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, wato O positif kenan, don rashin gudaji a A da B shi ne O, gudaji a D kuma shi ne positif. Abin da ya ban haushi allurar, guda ɗaya tak, kuma jinin bai fito sosai ba sai da na yi ta matsa yatsa har ya yi tsami, takardar bayanin ma rubutun ƙanana ne kamar tururuwa.

Kada dai mai O ya ɗauka ya tsira, binciken da suka biyo baya sun nuna bambancin kaɗan ne, shekaru da ciwon suga da ƙiba sun fi tasiri nesa ba kusa ba. Ni da O ɗin nawa mura ta kwantar da ni sati guda! Katin ya yi aikinsa, amma in ƙarin jini za a yi maka, asibiti sai sun sake gwadawa da kansu.